Fuskar da Ke Allon Kakana

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Talata burushi ya suɓuce daga hannun Kaka. Ina zaune a bakin taga da littafina, shi kuma yana kan teburin aikinsa yana shafa kokon manne takarda a bayan wata tsohuwar fastar fim. Na ji faɗuwar burushin a kan leda, na jira ya yi tsaki ya ce, "Uwata, miƙo mini," yadda ya saba. Shiru. Da na ɗago kai sai na ga yana kallon hannunsa na dama kamar na wani ne aka ajiye masa a kan tebur. Na riƙe lokacin ne saboda matar da ta ɗauki waya a wajen masu motar asibiti ta tambaye ni, na dubi agogon bango. Ranar Alhamis da hantsi mai abu ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mahaifin mahaifiyata ne. A hannunsa na girma tun da muka zo New York ni da Umma bayan rasuwar babana, ina 'yar shekara goma. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai Uwata.

Gidan hayarmu a unguwar Highbridge yake, hawa na huɗu. Kafin la'asar takalman masu gaisuwa sun cika matattakala, har mai kula da ginin ya hau don ya yi magana, ya ga fuskokin mutane, ya juya. Maza sun tafi da shi makwancinsa, mu mata muka zauna muna karɓar gaisuwa. Ni dai kusurwa na samu na maƙale, ina sauraro.

Hajiyar Kumasi mai abinci a Harlem ta shigo da tukunya guda ta wake da shinkafa, ta dire, ta zauna tana fifita da gefen mayafi. "Tsohon nan bai taɓa ce mini yaji ya yi yawa ba," in ji ta. "Hawaye na zuba, hanci na zuba, yana cewa Hajiya ƙaro." Aka yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Wani direban tasi mutumin Maraɗi ya leƙo daga ƙofa bayan an dawo daga jana'iza. Ya ce, "Tsohon ga in ya shiga motata ba ni da sauran sukuni. Kowane allon talla muka wuce sai ya yanke mai hukunci. Ya ce wannan da yunwa ya yi zanen, wancan kuwa bai taɓa ganin doki ba."

Maƙwabciyarmu nas 'yar Jos ita ma ta shigo. Ta riƙe hannun Umma ne kawai. Sai da za ta tafi ta ce Baba ne ya rubuta musu allon ƙofar cocinsu, kuma da suka tambaye shi abin da za su ba shi, ya ce su daina ajiye mota a bakin masallaci ranar Juma'a.

Yawancin waɗanda suka zo ɗan sahun gaba a masallaci suka sani, tsoho mai farar hula da ba ya makara. Kaɗan ne suka taɓa shiga falonmu, don haka suna shigowa idonsu yake tafiya bango. Fastocin finafinan Amurka na da ne jere, maza masu malafa da doguwar kwat, mata masu jan baki, bindigogi. A tsakiyarsu kuma ga wani allon katako mai tsawon rabin ƙofa, wanda Kaka ya zana da hannunsa. Da liman ya zo yin addu'a ya ɗaga ido ya dubi bangon, ya sunkuyar da kai. Umma ta gane. Ta tashi ta buɗe akwatinta, ta kwaso zannuwanta, muka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya muka lulluɓe. Allon katakon shi ya samu atamfarta mai ruwan ganye.

Ranar sadakar uku aka ji motsin sanda a matattakala. Wata tsohuwar Baturiya ce, ƙarama, ta rufe kai da ɗankwali, tana haki, da ledar burodi a hannu. Wata daga cikin matan ta matso kusa da kunnen Umma ta ce, "Wace ce?"

Umma ta ce, "Matar uban gidansa ce, mai shagon fastocin fim."

"Bayahudiyar?"

"Ita."

"To, burodin nan ana ci?"

Hajiyar Kumasi ta karɓi ledar ta ɓalli gefe ta jefa a baki. "Fulawa da ruwa ne, ba ya da addini. Ku ba baiwar Allah kujera."

Tsohuwar ba ta zauna nan da nan ba. Ta tsaya tana kallon zannuwan da ke bango, sannan ta ce da Turanci su ma in an yi rasuwa madubai suke rufewa. Daga nan ta taka a hankali ta wuce fastocin duka, ta je gaban atamfa mai ruwan ganye, ta ɗora tafin hannunta a kai. Ta daɗe a haka. Ba ta ɗaga zanin ba, ba ta tambayi abin da ke ƙarƙashi ba. Na ga wannan, na so in yi mata magana, amma falon cike yake da manya, bakina ya ƙi buɗewa.

Da mutane suka ragu, Kawu ya tara mu. Shi ne ɗan farin Kaka, yayan Umma, yana aiki a filin jirgi yana zaune a unguwar Jamaica ta nan New York da iyalinsa. Kowa Masta yake ce masa, daga Kano har nan, domin haka Kaka ya kira shi tun yana cikin tsumma. Mun ɗauka alkunyar ɗan fari ce kawai. Ya ce fastocin Turawa na masu su ne, a mayar musu. Amma allon da Baba ya zana da hannunsa, ranar bakwai zai zo da zarto.

Umma ta ce, "Yaya, aikin hannun mahaifinmu ne fa."

Ya ce, "Shi ya sa." Idonsa ya kawo ruwa. "Kin san abin da malamai suka faɗa a kan mai zana abu mai rai. Za a ce ya hura masa rai, ba zai iya ba. Yana kwance can shi kaɗai, mu muna nan muna ajiye abin da za a tambaye shi a kai? Ban yi masa komai ba yana da rai. Ku bar ni in yi masa wannan."

Ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma ni ma na ji tsoron. Duk da haka na ji muryata ta fito, ƙasa-ƙasa. Na ce, "Kawu, a bar mini shi."

Ya dube ni da mamaki, don bai saba jin na yi magana a taro ba. Shi Iya yake ce mini. "Iya, mutumin da ke jikin allon nan, waye? In kakanmu ne ko wani namu, sai in ce kewa ce ta sa shi, Allah mai uzuri ne. Amma ɗan wasan fim? Ki gaya mini waye shi kafin ranar bakwai. In namu ne, naki ne."

Ban san waye ba. Babu wanda ya sani.

Kaka ya fara aikin zane a Kano tun yana saurayi. A lokacin in sabon fim ya zo silima, sai a zana allon tallarsa da fenti, a ɗora a amalanke, a zaga gari ana kaɗa ƙararrawa. Yana son ba da labarin zamanin, musamman in yana dama kokon aikinsa a kicin, yana juyawa da muciya kamar mai talge. Yakan ce, "Doka uku ce, Uwata: bindiga, mace, mota. In babu ɗaya a cikin fim ɗin, zana ta duk da haka. Kafin mutum ya gane ya riga ya zauna." Ya ba ni labarin ranar da ya yi wa jarumi yatsu shida, 'yan kallo suka fito suna neman a nuna musu inda aka yanke na shidan. Ya ba ni labarin yadda ake jiƙa ƙaro a haɗa da garin launi don kada ruwan sama ya wanke fuskar jaruma kafin a kai Fagge. Amma in na ce, "Wa ya koya maka?" sai ya ce, "Wani mutum," ya ce in duba ko kokon ya yi kauri. Kuma na lura labaransa na Kano duk a wuri ɗaya suke tsayawa, yana saurayi mai tura amalanke. In ya ci gaba, sai ka same shi a Legas da gemu.

Da ya zo New York gadi ya fara yi, har ranar da ya tsaya a tagar wani ƙaramin shago a Manhattan yana kallon mai shagon yana ƙoƙarin haɗa yagaggiyar fasta. Ya shiga ya ce masa jan da ya haɗa ya yi duhu. Mai shagon ya miƙa masa burushi don ya kunyata shi. Daga ranar har mutumin ya rasu aka rufe shagon, tare suka yi aiki. Bayan nan ma matar ta ci gaba da turo masa masu neman gyaran fasta har gida.

Aikin na mai haƙuri ne. Fasta za ta zo a ninke, ta yi shekaru a ɗakin ajiya, ta ci ruwa, ta ci ƙusa. Sai ya wanke ta a hankali, ya shafa koko, ya manna ta a kan farin yadi, ya bar ta ta bushe, sannan ya bi duk inda ta karye da burushi siriri kamar gashin ido. Ba ya barin kowa ya yi magana a lokacin. Ni kaɗai yake bari a ɗakin, don ya ce ni da kujera ɗaya muke wajen surutu. Ni ce mai riƙe masa gefen takarda. In hannuna ya yi rawa sai ya ce, "Uwata, takardar nan ta girmi uwarki, ki ji kunyarta."

Fastocin finafinan 'yan sanda da ɓarayi na bayan yaƙin duniya ya fi so, masu inuwa da yawa. A cikinsu akwai guda da ya ƙi rabuwa da ita, matar mai shagon ta bar masa. Fim ɗin baƙi da fari ne. An tsinci gawar wani tela a gindin matattakalar gidan haya. Ɗan sandan ciki ya yi ta neman dalili: ba a ɗauki komai ba, babu mace a tsakani, telan ba shi da abokin faɗa. Sai can ƙarshe ya gane maƙwabcinsa ne, mutumin da ya sha gaisawa da shi, kuma dalilin ɗaya ne tak, telan Bayahude ne. Amma a jikin fastar babu wannan ko kaɗan. Ɗan sanda ne da malafa, da wata mata mai jar riga wadda ba ta fi fitowa biyu ba a fim ɗin, da bindiga, alhali ba a harbi kowa ba. Telan kuwa takalminsa kaɗai aka zana, a can ƙasa, gefen sunan kamfani.

Kaka yakan nuna takalmin da bakin burushi ya ce, "Kin gani? Su ma dokarmu suke bi. Sun yi jarumtar yin fim ɗin, suka kasa jarumtar faɗa a bakin ƙofa. Wanda aka kashe ba ya jawo 'yan kallo, amma shi ne fim ɗin."

Allon katakon nasa tallar wannan fim ɗin ce, irin ta Kano, da launuka masu ƙarfi. Sai dai ya juya dokar. Ɗan sanda da matar da bindigar ya tura su kusurwa, ƙanana. Tsakiyar allon duka fuskar wanda aka kashe ce. Kuma ba Bature ba ne. Baƙin mutum ne mai faffaɗan goshi, da tsaga a gashinsa irin ta 'yan bokon da, da wushirya, da fensir a bayan kunne, da ɗan tabo a girar hagu. Yana kallon mutum kamar zai gyara masa wani kuskure cikin raha.

Duk wanda ya tambaya amsa ɗaya yake samu: "Farin fenti ne ya ƙare mini." Ni kuwa ni nake jera masa gwangwanaye, na san farin fenti bai taɓa ƙarewa a gidanmu ba. Na kalli fim ɗin ni kaɗai a laburaren makarantarmu, ina tsayarwa ina dubawa, ko telan yana da tabo, ko akwai wani baƙin mutum a bayan fage. Babu. Na dawo na gaya masa. Ya yi murmushi ya ce, "Uwata, da ke aka ba binciken nan da fim ɗin bai kai rabin awa ba."

Bayan ya sauke farali ya daina zana fuska gaba ɗaya, sai rubutu da gyaran abin da wasu suka zana. Ya tambayi malamai, na san abin ya dame shi. Amma duk shekara in ganyen bishiyoyi ya fara ja, sai ya sauke allon nan, ya share shi, ya sa fim ɗin ya kalla shi kaɗai, sannan ya zauna ya sake bin fuskar da burushi. A ranar ba ya cin abincin rana. Na taɓa tambayarsa ko bai ce ya daina ba. Ya ce, "Wannan ba zane nake ba. Allah ya san abin da nake yi."

Sau ɗaya na ga ransa ya ɓaci a gaban mutane. A wajen Hajiyar Kumasi ne, ranar Juma'a, teburin ya cika. Wani abokinsa ɗan kasuwa, wanda suka yi shekaru suna zama tare, yana ba da labarin wani da ya cuce shi a ciniki, Bahaushe ɗan uwansa. Ya ce, "Ai Bayahude ne, ka san halinsu, duk ɗaya ne."

Kaka ya ajiye cokali. "Wane Bayahuden?"

"Alhaji, magana ce."

"Na ji magana ce. Faɗi sunansa. Na san wasu, wataƙila ma na ci abinci a gidansa."

"Kai dai tun da ka shiga shagon nan suka wanke maka kai. Ba ka ganin abin da ake yi wa 'yan uwanmu a talabijin?"

Kaka ya ce, "Ina gani. Ina gani har in kasa barci. Wanda ya jefa wa yaro bam, shi ma su ya ce kafin ya jefa. Duk wanda ka ji ya ce su, duba hannunsa, ya fara wasa wuƙa."

Ya tashi ya bar abincin, abin da bai taɓa yi wa Hajiya ba. Na bi shi da sandarsa. Muka hau jirgin ƙasa muka koma gida. Suka yi wata guda ba sa gaisawa da abokin. Sai da matar mutumin ta kwanta asibiti, Kaka ya dinga hawa bas yana kai musu kunu kullum da safe. Ranar rasuwar Kaka, mutumin nan ne ya shiga kabari ya karɓe shi, aka ce da ƙyar aka fito da shi.

Tsakanin uku da bakwai mun nemi mai fuskar. Umma ta ɗaga zanin ta ɗauki hoto a waya, ta tura wa gwaggonninta a Kano. Ɗaya ta ce ya yi kama da wani malamin firamare. Ɗaya ta ce ba jininmu ba ne, mu ba mu da wushirya. Babbarsu, wadda take bin Kaka, ta saurari bayanin Umma, sannan ta ce idonta ya mutu, a bar tone-tone, a yi masa addu'a.

Saura mutum ɗaya, wadda ta ɗora hannu a kan zani ba tare da ta ɗaga ba. Ni ban iya kiran baƙo a waya ba. Ko abinci zan saya sai na maimaita abin da zan faɗa a zuci. Na riƙe wayar Kaka tun safe har azahar ina kallon lambarta. Da na kira, na yi sallama da Turancin da ya tsere mini, na ce ni ce jikarsa. Ta ce, "Mai riƙe gefen takarda." Na ce za a yanka allon gobe. Ta ce in turo mata direban tasin nan mai yawan magana ya ɗauko ta.

Ranar bakwai bayan addu'a mutane suka watse. Kawu ya naɗe hannun riga, ya fito da zarto daga jaka, ya sauke allon ya jingina da kujera da zaninsa a kai. Bai so ya ga fuskar. Sai ga motsin sanda a matattakala. Ya dube ni, na dubi ƙasa.

Ya gaishe ta da ladabi, hannu a ƙirji, ya ba ta kujera. Ta ce in ɗaga zanin. Na ɗaga. Ta kalli fuskar ta gyaɗa kai kamar ta ga tsohon maƙwabci. Da Turanci ta yi maganar, ni na mayar da ita Hausa a nan gwargwadon iyawata.

Ta ce mijinta yana da al'ada, ba a gyara fasta a shagonsa sai an kalli fim ɗinta. Ranar da fastar telan ta zo, suka sa fim ɗin a ɗakin baya su uku. Da ya ƙare ta kunna fitila, Kaka bai tashi ba. Ya tambayi mijinta, "Bai yi masa komai ba?" Mijin ya ce bai yi ba. "Ko faɗa ba su taɓa yi ba?" Ya ce ba su taɓa ba, kuma haka dangin mahaifiyarsa suka ƙare a Turai, maƙwabta suna kallo ta taga. Sai Kaka ya ce, "Na san wannan fim ɗin. Ni na tura amalanken."

Wanda ya koya masa zane mutumin gabas ne, Inyamuri, Kirista, mai shago a Sabon Gari. Ya zo Kano tun ba a haifi Kaka ba, yana jin Hausa har da karin magana. Shi ya koya masa haɗa launi, shi ya koya masa karatun boko a bayan kwalaye. Ranar Juma'a yakan kore shi masallaci ya wanke burusan da kansa. A shekarar da aka far wa mutanen kudu, gab da yaƙin basasa, wata safiya ya gama allo ya ɗora wa Kaka a amalanke ya ce ya zaga gari. Yana cikin zagayen ya fara jin ihu. Da ya dawo da gudu shagon yana hayaƙi, mutumin yana kwance a bakin ƙofa, fensirinsa a ƙasa. Kafin yamma mota ta kwashe gawarwaki, bai san inda aka kai shi ba. Ba shi da hotonsa ko ɗaya. Cikin waɗanda suka yi abin akwai masu zuwa shagon su sha inuwa.

Umma ta toshe baki da mayafi. Kawu yana tsaye, zarton yana rataye a hannunsa.

Ta ce washegarin kallon fim ɗin Kaka ya roƙi mijinta guntun katako. Yana tsoron fuskar ta fara dushewa a ransa, kuma a iya saninsa babu sauran wanda ya riƙe ta. Ta ce ta taɓa tambayarsa me ya sa bai gaya wa 'ya'yansa ba. Ya ce da Hausa aka yi ihun ranar, shi ya sa labarin ya ƙi fita da Hausa.

Kawu ya yi gyaran murya. Da ƙyar ya ce, "Ya sunansa?"

Ta ce, "Bai taɓa faɗa ba. Ya ce a al'adarku mutum ba ya kiran sunan wanda ya rene shi. Abin da yake kiransa da shi a shago kawai ya gaya mana." Ta dubi Kawu da kyau. "Ya ce da aka haifa masa ɗan fari ya so ya mayar da sunan, amma babu yadda za a raɗa wa yaro sunan Kirista a gaban liman. Sai ya bar liman ya raɗa nasa, shi kuma ya ɗauki jaririn ya kira shi da abin da yake kiran mutumin. Masta."

Ana jin wucewar jirgin ƙasa can gangaren tudu. Kawu ya sunkuya ya ajiye zarton a kan leda a hankali, ya tsuguna a gaban allon. Tunda nake ban taɓa ganin ya kalli fuskar ba sai ranar. Ya kai hannu kamar zai taɓa tabon girar, ya fasa. Leɓɓansa suna motsi, ban ji abin da yake faɗa ba, ban kuma tambaya ba.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ya riƙe shi kaɗai, ya sa haƙurin da ya yi da tsofaffin takardu ya zama shaida a gare shi. Ya bar mana burusa, da tukunyar koko, da mutumin da ba mu san sunansa ba.

Na jira har Kawu ya share fuska ya miƙe. Ɗakina nake so in kai allon, ƙofar kuwa ƙarama ce. Na ce, "Kawu, in ɗauka?"

Ya ɗauki atamfar Umma ya ninke ta ya miƙa mata. Sannan ya ce, "Ba za ki iya ke kaɗai ba, Iya. Kama ƙasan, ki bi a hankali kada ya bugu da ƙofa. Bar mini wajen kan. Takwarana ne."